Sana'ar Gyara a Minna, Tun daga Jirgin Ƙasa har zuwa Wayar da Ta Ƙi Tashi

Akwai wata larura da kan sami wayoyin hannu na wannan zamani, irin waɗanda ake shafa fuskarsu da yatsa, wadda da wuya mutum ya daɗe yana riƙe da su bai gamu da ita ba, ko a tasa ko a ta maƙwabcinsa: watau ya danna makunni, fuskar ta kawo haske, sunan kamfanin da ya ƙera ta ya bayyana kamar yadda ya saba bayyana kullum, sa'an nan, maimakon ta wuce ta buɗe masa abin da ya ajiye a cikinta, sai ta tsaya cik a nan, ko kuwa ta ɗauke ta sake kamawa, ta sake ɗaukewa ta sake kamawa, ba gaba ba baya, har batir ya ƙare. Masu gyara a Minna sukan ce ta tsaya a logo, ko su ce ta maƙale, mai waya kuwa, wanda bai san sunan ciwon ba, abin da yakan faɗa in ya miƙa ta shi ne, "Injiniya, ta ƙi tashi." Na daɗe ina lura da wannan laƙabi na injiniya da ake kiran samarin da ke zaune bayan ƙananan tebura da shi, kuma a ganina ba a banza ya zauna a bakin mutanen wannan gari ba, domin Minna gari ne da inji ya raya, kuma sana'ar gyara a cikinsa ta girmi wayar hannu da shekara wajen 90.

Asalin mazaunan wurin Gwarawa ne, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, suna zaune a kan duwatsu da gindinsu, suna noman doya da dawa, da maƙeransu da masu ginin tukwanensu, tun kafin Bature ya taka ƙasar. Abin da ya mai da wurin birni kuwa shi ne hanyar jirgin ƙasa. Bayan da Turawan Ingila suka kafa hedkwatar mulkinsu a Zungeru a 1902, suka ga lalle kogin Kaduna ba ya ɗaukar jirgin ruwa in rani ya yi, kuma jakai da 'yan dako ba za su iya fitar da auduga da fatu na ƙasar Hausa zuwa teku yadda suke bukata ba, sai suka ƙudura shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, har zuwa Kano. A 1907 aka kawo Girouard, wanda asalinsa injiniyan reluwe ne, mutumin Kanada, ya zama gwamnan Arewa saboda wannan aiki. Dogon ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe reluwen Baro da na Ikko suka koma ƙarƙashin hukuma guda, hanyar da ta taso daga bakin teku ta biyo ta Jebba da Zungeru ta zo ta sadu da 'yar'uwarta a Minna, daga nan fa wurin ya zama mararraba, inda jirage ke tsayawa su sha ruwa, su ɗauki kwal, a zubar musu da toka, a duba lafiyarsu kafin su ci gaba. Duk inda irin wannan tasha ta kafu kuwa, mutane sai sun taru: Nupawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo suka zo, wasu leburori, wasu akawuna, wasu 'yan kasuwa masu sayen doya da kaɗanya da gyaɗa, unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Sabon Gari da Ƙetaren Gwari suka cika.

Ita kanta kalmar waya, wadda yau kowane yaro ya sani, daga wannan zamani ta samo asali, gama sunan silin ƙarfen nan ne da aka riƙa ɗaurawa a kan turaku, yana bin gefen dogo daga tasha zuwa tasha, ana aika saƙon tangaraho ta cikinsa. Shi ya sa ake cewa gidan waya, shi ya sa kuma har yanzu muke cewa mun buga waya, alhali kuwa babu abin da muke bugawa, kuma babu silin da ya haɗa mu da wanda muke magana da shi.

A cikin ma'aikatan reluwe, waɗanda suka fi dacewa da maganarmu su ne fitoci da kanikawa, masu kwance inji su ɗaura. Kan jirgi mai tururi halitta ce da ba ta ɓoye ciwonta: in tukunyarsa na yoyo za a ga tururi na fita inda bai kamata ba, in wani ƙarfe ya gogu za a ji shi a kunne ko a taɓa a ji zafi, har ma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya bi taragu da 'yar guduma mai dogon ƙota yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu, in amon ya fita tangararas ya wuce, in ya fita a dushe ya san akwai tsaga. Waɗannan mutane sun koyi wani ladabi na aiki wanda ba a rubuta shi a allo ba, watau kada a kwance abin da ba a bincika ba, kada a canja abin da ba a tabbatar da laifinsa ba, kuma a jera kusoshin da aka cire bisa tsarin da aka cire su domin a san yadda za a mayar. Ilmin bai tsaya a cikin shingen reluwe ba. Ya fita gari tare da waɗanda suka bar aiki da yaran da suka yi musu hidima, ya shiga gyaran keke, da keken ɗinki, da injin niƙa, da mota, da agogo.

A nan akwai wani abin lura game da al'adarmu. Sana'o'in Hausawa na dauri, kamar ƙira da jima da dukanci da saƙa, na gado ne, ɗa yana tashi ya tarar da ubansa a maƙera, kuma ana bambanta ɗan gado da ɗan haye, ana ba na farkon fifiko. Amma inji ya zo ba shi da gidan gado a ƙasar, saboda haka kowa a cikinsa ɗan haye ne, ƙofarsa a buɗe take ga ɗan malami da ɗan manomi da baƙon da ya sauka a tasha jiya, sharaɗinta kurum shi ne uba ko wa ya kama hannun yaro ya kai shi wurin maigida ya ce, "Ga amana nan, a koya masa abin da zai riƙe kansa." Yaron ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya miƙa sifana, ya shekara yana kallo kafin a bar shi ya taɓa. Wannan hanya ce ta raino kowane rukuni na masu gyara a Minna har zuwa yau, kuma ita ce ta sa sana'ar ta iya sauya fata sau da yawa ba ta mutu ba.

Zamanin da ya biyo baya na rediyo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma da ƙananan rediyoyi masu aiki da batir suka yawaita, sai ya zamana babu majalisar dattawa ko rumfar tela da ba a jin muryarsu. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika gidaje da rediyo mai kaset da talabijin da babur. A 1976 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni, ma'aikatan hukuma suka kwararo daga Sakkwato da kayansu. A 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso. Mai gyaran rediyo shi ne ya fara aiki da abin da ido ba ya gani, gama lantarki ba shi da tururi, ba shi da amo. Makamansa mita da dalma da ƙarfen narka ta. Duk da haka, in ya buɗe bayan akwatin, kowane ɗan ƙarfe yana zaune daban da ƙafafunsa, ana iya auna shi, a cire shi, a nuna wa mai kaya a ce ga wanda ya ƙone. Sa'ad da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka, sai gyara ya ƙara daraja, kayan da a wata ƙasa da tuni an zubar, a nan aka riƙa tsawaita ransu shekara da shekaru. Masu gyaran agogo kuwa sun ga koma baya, domin agogon batir mai araha ya kori mai wani, akwatunansu na gilashi suka riƙa raguwa a bakin kasuwa.

Tarho kuwa a duk wannan tsawon lokaci na hukuma ne da manyan mutane. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ke da layi, shi ke da ma'aikatan da ke gyara shi, kuma har ƙarshen ƙarnin da ya wuce layukan da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, ana biyan naira 50 a minti guda. Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Cikin 'yan shekaru kaɗan lemomi masu launi suka cika bakin titunan Minna, daga shataletalen Mobil zuwa Tunga da Bosso da Kpakungu, a ƙarƙashin kowace akwai mai tebur da waya yana sayar da kira da katin waya. Daga cikin masu zaman lema, da yaran masu gyaran rediyo, da ɗaliban jami'a masu neman na kashewa, aka sami rukunin farko na masu gyaran waya. Kuma yadda Ikko ke da kasuwar kwamfuta a Ikeja, Kano ke da Farm Centre, Abuja ke da Banex, haka Minna ta sami nata matattara a rukunin shagunan Obasanjo, kusa da Mobil, inda mai sayarwa da mai gyara da mai cajin batir suke kafaɗa da kafaɗa.

Wayoyin farko, irin su Nokia 3310 da 1100 mai tocila, ba su da wuyar sha'ani. Ciwonsu na jiki ne: lasifika ta mutu, bakin caji ya saki, madannai sun goge, ta faɗa rijiya. In ta sandare, magani a hannun mai ita yake, ya ɓalle murfi ya cire batir ya mayar. Abin da ke cikinta kuma bai wuce lambobi da 'yan saƙonni ba, yawanci ma a kan sim suke. Amma tun a lokacin ne kalmar filashin ta shigo bakin masu sana'a, watau a haɗa waya da kwamfuta ta wani ɗan akwati, a share manhajar da ke tafiyar da ita a zuba sabuwa. Wanda ya mallaki kwamfuta da akwatin kuwa ya zama malami a cikinsu, sauran suna kawo masa abin da ya gagare su. Daga nan sana'ar ta rabu biyu, akwai masu aikin fanel, watau allon injin da dalma da iska mai zafi, akwai kuma masu aikin manhaja. Sai wayoyin Sin masu sim biyu da ƙarar lasifika suka zo, sai BlackBerry, sa'an nan Android, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, kuma kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, ya sauko da farashinta har ta shiga hannun ɗan acaɓa da mai sayar da doya a Kasuwar Gwari. Da wannan ne larurar da muka fara ambata ta zama abincin yau da kullum a teburin masu gyara.

Domin a gane inda ciwon yake, wajibi ne a san cewa irin wannan waya ba ta tashi gaba ɗaya, hawa-hawa take tashi. Da an danna makunni, wani ɗan guntun umarni da aka dasa a ƙwaƙwalwar injin tun daga masana'anta, wanda ba ya goguwa, shi ke fara farkawa, kuma aikinsa shi ne ya nemo umarni na biyu a cikin ma'ajiya, ya duba hatimin kamfani a kansa, in ya tabbata sahihi ne ya miƙa masa ragama. Na biyun ne ke nuna tambari a fuskar waya, sa'an nan ya nemo ƙashin bayan manhajar, wanda a wayoyin Android ake kira Linux, ya duba nasa hatimin, ya miƙa masa. Shi kuma ya tayar da sauti da sabis da sauran gaɓoɓi, ya buɗe ɗakin da kayan mai waya suke, ya tashi ƙananan manhajoji bi da bi. Wanda ya zauna gaban malamai ya ji yadda ake bin isnadi, wane ya karɓa daga wane, kowa sai an binciki adalcinsa da kiyayewarsa, in an sami yankewa ko rauni a tsakiya a dakata, ba zai sha wuyar fahimtar wannan tsari ba, ko da yake misali ne kurum na kusantar da ma'ana, kuma sha'anin hadisi ya fi ƙarfin a gwada shi da inji. Fa'idar sanin haka ita ce, wayar da ta nuna tambari ta riga ta ba da shaida a kan kanta: fuskarta na da rai, ƙwaƙwalwarta na da rai, matakan farko sun wuce lafiya, illar tana gaba.

Sabubban illar kuwa suna da yawa, kuma da dama daga cikinsu 'ya'yan wannan ƙasa ne. Akwai sabunta manhaja da ya yanke a tsakiya domin caji ya ƙare, abin da ke faruwa ƙwarai a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Kuma abin baƙin ciki ne a faɗi haka game da babban birnin jihar da ke ɗauke da madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Shiroro, wadda aka kammala a 1990. Akwai ma'ajiya da ta cika maƙil da bidiyon da ake turowa ta WhatsApp, har manhaja ta rasa inda za ta ajiye ƙafa in ta tashi. Akwai manhajar da aka turo daga wayar aboki ba a san asalinta ba, da katin memori na jabu, da makunnin da ƙurar hunturu ta maƙale shi yana danne kansa. Akwai batirin da zafin bazara na Maris da Afrilu da cajar banza suka gajiyar, wanda yakan iya kunna fuska amma ba ya iya ɗaukar nauyin tashi, gama a lokacin tashi ne injin ya fi jan wuta, sai ƙarfinsa ya faɗi, waya ta ɗauke, ta sake gwadawa. Akwai tsatsa daga ruwan damina ko gumin aljihu. Mafi muni a cikinsu shi ne ma'ajiyar kanta ta tsufa, domin adadin rubutun da take iya ɗauka ƙidayayye ne, ko kuwa dalmar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta tsage saboda faɗuwa ko zafi. Wani lokaci ma daga masana'anta aibin ya taso: a farkon 2016 kamfanin LG ya amsa cewa wayarsa G4 tana wannan ɗaukewa da kamawa saboda sakin haɗi a tsakanin wasu sassanta na ciki.

Tun da alama ɗaya ce amma sabubba daban-daban, sai ya zamana ƙwarewar mai gyara duk tana cikin tartibi, watau ya fara da maganin da ba ya ɓarna, ya jinkirta mai ɓarna har sai babu makawa. Gwani yakan fara da tambaya, kamar likita: yaushe ta fara, ta faɗi ne, ta sha ruwa ne, an sa mata wani sabon abu ne, a wurin caji ta kwana? Sa'an nan ya cire sim da katin memori, ya ba ta caji da caja ta ƙwarai, ya danne makunni tare da madannin rage sauti na 'yan daƙiƙoƙi domin ya tilasta mata sake tashi, abin da ya maye gurbin cire batir tun da kamfanoni suka liƙe murfi. In ta kusa kaiwa ƙarshe, ya gwada tayar da ita a yanayin da manhajojin da mai ita ya ƙara ba sa tashi, in ta buɗe a haka ya san ɓarawon a cikinsu yake, ya nemo shi ya cire. In ba ta buɗe ba, ya shiga ɗan ɗakin ceto da ke bayan tambari, wanda ake shiga da haɗa madannai, ya share tarkacen wucin gadi in wayar na da wannan zaɓi. In har yanzu shiru, ya buɗe bayanta, ya cire batirin, ya ba ta wuta kai tsaye daga na'urarsa, ya zuba wa mita ido, domin yadda allura ke hawa da sauka yana gaya masa ko injin na tafiya ko ya tsaya, kamar yadda amon ƙafar tarago ke gaya wa mai guduma. Bayan duk wannan ne ake zuwa ga fomatin, wanda ke mai da waya yadda ta fito daga kwali, ko filashin. Su kuwa, in ba a yi hattara ba, ba sa barin hoto ko lamba ko saƙo.

A nan ne wannan zamani ya bambanta da duk waɗanda suka gabace shi, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Wanda ya kai rediyo gyara, rediyon yake so. Labaran da ya ji a cikinsa suna kansa. Wanda ya kai waya kuwa, sau da yawa abin da ke cikinta ya fi masa ita: lambobin abokan ciniki, da lissafin bashi, da hanyar shiga asusun banki, wadda kowa ya ga muhimmancinta a ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da hotunan ɗaurin aure da na aikin hajji, da muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Filashin kuwa shi ne magani mafi sauri, kuma wanda aka fi saurin karɓar kuɗinsa, saboda haka mai gaggawa yakan fara da abin da ya kamata ya ƙare da shi. Na ga wannan a gidanmu. Wata innata tana da saƙonnin murya na mai gidanta, Allah ya ji ƙansa, waɗanda takan saurara da dare. Wayarta ta tsaya a tambari, aka aiki yaro da ita wani shago, kafin la'asar ya dawo da ita tana aiki sumul, babu kome a ciki. Ba a tambaye ta ba, ba a gaya wa yaron ba. Ta juya ta a hannu ta ce, "Wannan ai ba tawa ba ce," ba ta ƙara cewa kome ba, ni kuwa har yau abin bai bar zuciyata ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ko ta fuskar injin kansa, gaggawar tana da haɗari. Wayoyi biyu suna iya zama da suna ɗaya alhali allunansu sun bambanta, in aka zuba wa ɗaya manhajar ɗaya, wadda ta zo tana nuna tambari sai ta koma ba ta ko motsi, gyaran gangar Auzinawa ke nan; in kuma aka share ma'ajiya baki ɗaya ba a kwafe lambar shaidarta ba, wadda ake kira IMEI mai alƙaluma 15, sai ta tashi amma ta ƙi ganin sabis. Tun daga 2015 kuma Google ya sa wani kulle, wanda ke sa wayar da aka share ta nemi asusun mai ita kafin ta buɗe, domin a karya kasuwar ɓarayi. Amma da yawa daga cikin mutanenmu yaron shago ne ya buɗe musu asusun ranar da suka sayi wayar, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba, sai mai kaya na halal ya tsaya a bakin ƙofar kayansa, mai gyara kuma ya shiga tsaka mai wuya, domin ɓarawo ma da irin wannan labari yake zuwa. Shi ya sa masu tsoron Allah a cikinsu suke neman rasit ko kwali kafin su taɓa. Haka nan wayoyin yanzu suna rufe kayan mai su da mabuɗin da ke ɗaure da ƙwaƙwalwar injin, ta yadda ko an ɗaga ma'ajiya an kai ta wani allo ba za a karanta kome ba; ke nan hanya ɗaya ta ceto kayan ita ce a raya wannan allon da kansa, ko da na rabin sa'a ne, a kwashe abin da ke ciki.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar sha'anin masu sana'a ba hukunci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ake karantawa a zaurukan Minna kamar yadda ake karanta ta a Zariya da Sakkwato, an tabbatar da cewa mai sana'a lamuni ne ga abin da aka ba shi ya yi aiki a kansa bayan idon mai shi, ko da lada ya yi ko ba lada. Kuma malamai suka bayyana hikimar haka da maslahar jama'a, gama mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masaƙi da marini da maƙeri, in ba a ɗora musu lamuni ba dukiya za ta tozarta. Sai dai abin da aka saba ramawa a da abu ne mai ƙima a kasuwa, kamar zane ko munduwa. Muryar mamaci kuwa babu dillalin da zai yi mata kuɗi. Ina ganin mas'ala ce da ta cancanci malaman wannan gari su zauna a kanta tare da shugabannin masu sana'ar, ita da 'yar'uwarta, watau leƙen asirin mutane, domin wanda aka ba waya da lambar buɗe ta an ba shi mabuɗin ɗaki ne, kuma hanin da shari'a ta yi ga bin diddigin al'aurar Musulmi bai tsaya a ƙofar zaure ba. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne neman izini bayyananne kafin a share, da harshen da tsohuwa za ta fahimta.

Ba zan yi wa sana'ar adalci ba in na tsaya a kan masu gaggawa, domin na ga kishiyarsu. A bazarar da ta wuce tawa wayar ta kamu da wannan ciwo, na kai ta wurin wani saurayi wanda, kamar yadda ya gaya mini, maigidan da ya koya masa aiki da gyaran rediyo ya fara. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Baba, akwai abin da ba ka da shi a wani wuri sai a cikinta?" Na ce akwai. Ya ce, "To, ka yi haƙuri da ni zuwa jibi, ba zan taɓa manhajarta ba sai na gama da jikinta. In ta kai ga sharewa, sai ka zo da kanka ka ce in share." Na zauna a benci ina kallo ya ɗumama murfin ya ɗaga shi a hankali, ya jera kusoshin a kan wani farin ƙyalle, kowace a gurbin da ya yi daidai da inda ta fito, ya cire batirin, ya haɗa wayoyin na'urarsa biyu, ja da baƙa, ya danna, ya kafa wa allura ido bai ce uffan ba. Tambari ya fito, ya daɗe har na fid da rai, sai ga hoton jikokina ya bayyana a fuskar. Ya ɗaga tsohon batirin ya nuna mini cikinsa da ya kumbura kamar gurasa, ya aiki yaronsa ya sayo sabo, ya sa, ya ce in bar ta ta kwana a wurinsa ya ga ko za ta sake. Washegari bayan azahar na koma, ya sa na buɗe ta da hannuna na duba lambobina, sa'an nan ya naɗe tsohon batirin a takarda ya miƙo mini, ya ce kada in bari yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi a wuta.